Gwiwar Tasi'u

Shekara talatin da ɗoriya ina ɗori a Ƙofar Gayan.
Ƙashi in ya karye yakan yi wa yatsuna raɗa:
ba nan ba, can ne, matsa kaɗan.
'Yan acaɓan Kwangila sun san zaurena,
da maginan da tsani ya zame musu a Tudun Jukun.
Ko akuya na ɗaura wa kara ta tashi.

Sai ga gwiwar Tasi'u, autana.
Bai faɗi ba.
Na tambaye shi sau uku,
na bi abokan ƙwallonsa ɗaya bayan ɗaya.
Ta kumbura kamar ƙoƙon da aka kife,
na aza tafina a kai, sai na ji sanyi.
Kumburin da na sani da zafi yake zuwa.
Wannan shiru ya yi mini, kamar baƙon da ya ƙi faɗin garinsu.

Na murza man kaɗanya. Na yi tofi.
Wanzami ya kafa ƙaho, jini ya fito, ciwo ya zauna.
Aka ce sanyin ƙashi ne, aka ce jifa.
Wata bakwai.
Bayan la'asar jikinsa ya ɗume,
da asuba tabarma ta jiƙe sharkaf,
wandon makaranta ya koma sai an ɗaure da igiya.

Uwarsa ce ta ce mu tafi Shika.
Ban amsa ba.
Washegari na tsinci kaina ina goye da shi zuwa bakin titi,
ina bin lungu, kada masu jirana a zaure su gani.

Dakta Rifkatu, 'yar Wusasa ce,
sa'ar ɗiyata ta biyu.
Ta ɗaga hoton gwiwa ta saita shi da haske.
Ranar na fara ganin abin da na shekara ina laluba:
ga kan ƙashi, gefensa a gaigaye,
kamar garkar da gara ta kwana a ciki.

Ta ce, akwai wanda ya taɓa dogon tari a gida?
Na ce babu.
Uwarsa ta ce, Inna Kandala fa,
wadda yake kwana a ɗakinta kafin ta rasu?

Na ce yaron nan ko gyaran murya ba ya yi.
Kakinsa an duba, ba komai. Ƙirjinsa fes.
Ina tarin fuka, ina gwiwa?
Ta ce, Baba, ƙwayar ta ƙirji take shiga,
amma ba dole ta tare a nan ba.
Jini kan ɗauke ta,
ta sami gaɓa ta kwanta, ta yi shekaru ba ta ce uffan ba.
Duk da haka zato nake. Bari mu tambayi gwiwar da kanta.

Allura doguwa.
Na riƙe masa ƙafa kamar yadda nake riƙe ta 'ya'yan mutane,
sai dai yau hannun rawa yake.
Ruwa ya biyo, launin tsarin kamu.
Suka rubuta sunansa a jikin kwalba, suka wuce da ita.

Kwana uku muna jiran inji ya yi magana.
Na ɗora karaya biyu a tsakani,
ban karɓi ko sisi ba.

Takarda ta zo. Shi ne.
Ta ce magani kyauta ne, amma tafiyar shekara ce,
ƙwaya kullum kafin kalaci, ba tsallake,
in fitsari ya yi ja kada ku firgita.

Uwarsa ta yi kuka. Ni kuwa wani sauƙi na ji,
ciwo mai suna ya fi daɗin jinya.

Jiya wani ya kawo ƙaninsa daga Dakace,
baya ya fito da ƙullutu, bai faɗi ba, yana rama.
Na taɓa. Sanyi.
Na mayar da karana cikin buhu,
na ce masa, kana da kuɗin mota zuwa Shika?